Jan da Na Kwashe

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Ni dai alhamdu lillahi, sai gajiya kamar an yi mini dukan tsiya.

Kin sha tambayata aikin me nake yi. To, na'urar da ke riƙe da shafin ofishinmu na intanet tana rubuta duk wanda ya shigo, da abin da ya nema, da ko ya samu. Da wannan ake haɗa rahoto kowace safiya. Wanda ya gina rahoton kafin zuwana ya cusa launi da girman rubutu cikin kowane layi, shi ya sa duk ranar da Oga ya tashi da sha'awar shuɗi sai in wuni ina bin layuka ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu na yi ina tsince kwalliyar nan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na tara ta a fayil guda, na bar bayani tsurarsa. Har Oga ya yaba, shi da yabo ke yi wa wuya.

Sai ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wani dattijo da muke kira Baba Tabarau, shekara goma sha ɗaya ke nan shi ke duba rahoton. Ja kawai yake nema: layi ya yi ja, ya kira masu gyara. Ashe babu wata kalma a rahoton da ke nuna an samu matsala, jan ne kaɗai ke faɗa, ni kuwa na kwashe shi tare da sauran kwalliya. Kwana uku fom ɗin masu neman gurbin karatu yana ƙin karɓar mutane, rahoto kuwa fari tas. Oga ya ce idon Baba ne ya mutu, Litinin zai ba shi takardar sallama.

Na yi shiru, Yaya. Har yanzu ina watannin gwaji, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, faɗan da ke cikinsa ma ya iso lafiya.

Litinin da sassafe na shiga wurin Oga na faɗa masa komai. Ya yi ta faɗa har shayinsa ya huce, sannan ya ƙara mini wata uku na gwaji. Ya yaga takardar Baba. Yanzu duk layin da ya lalace kalmar "matsala" na rubuce a jikinsa, ko an canza launi sau ɗari tana nan. Jan ya dawo ta fayil ɗin kwalliya, na kuma ƙara girman rubutu.

Da na je ba Baba haƙuri, na tarar har ya zuba kofinsa da dardumarsa a leda. Ya ce tun ranar da abin ya tonu ya gane aikina ne ya ɗauke jan. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ni kuwa yanzu na fara, kuma ni sa'ar autarsa ce.

Yaya, na tsaya a gabansa na rasa inda zan sa fuskata. Kwana huɗu ina shiru don in tsira, shi kuma yana shiru don in tsira.

Na gaji ƙwarai. Kada ki faɗa wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta