Na Yi Wa Kwamfutar Kwalin Gwaggo Dariya A Gaban Kwamiti

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya jefa ni a rami.

Ni mai gyaran kwamfuta ne. A aji uku na bar sakandare, sauran duk da kaina na koya, daga tsofaffin littattafai da kwance injinan mutane. Da aka tashi mayar da jarrabawar ƙasa kan kwamfuta, sai aka kafa kwamitin tsara cibiyoyin yankinmu, aka ba ni haɗa wayoyin cibiya guda. Gwaggona, ƙanwar babana, tana cikin kwamitin, shugabar wata makarantar ƙauye ce. Matar da har gobe ni nake adana mata lamba a waya!

Ran taro kowa na maganar kwamfuta nawa, sola nawa, sai ga ta da kwalin sabulu, ta zana madannai a kai, da kwalin ashana wai shi ne linzamin kwamfuta. Da su take koya wa ɗalibanta. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce wasan yara ya kawo mu ko aiki, in ba ta iya ba ta koma ta riƙe allinta. Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta tattara kwalinta.

Ranar gwaji cibiyata ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Amma yaran da suka saba da waya kaɗai, suka yi ta dangwala yatsa a gilashin kwamfuta, amsa ta ƙi shiga. Wata yarinya ta ɗaga linzami sama tana nunawa kamar rimot, tana hawaye. Ɗaliban Gwaggo kuwa, wallahi kamar a gaban kwamfuta aka haife su. Wata huɗu suna tura kwalin ashana a kan benci! Ni da karatuna ban hango wannan ba.

Yanzu ana neman mai kula da cibiyoyi tara. Kwamiti ya ce ba ni da takardar shaida, ita ta tsaya ta ce ta ga aikina. Fom ɗin yana hannunta, ran Alhamis za a rufe. Sati biyu ke nan ina kauce wa layinsu. Ina son aikin nan kamar me, amma da wane ido zan dube ta? Ko so take ta kashe ni da kunya?

Mai Bakin Reza

Ɗana, sannu. Fushinka ba na banza ba ne, yaran nan sun cancanci kwamfuta ta gaske, kuma aikinka ya yi kyau, shi ya sa ta tsaya maka. Amma kai injin ka duba, ita ta dubi hannun da zai taɓa shi. Cibiya tara tana buƙatar ku biyun.

Mai son kunyata ka shiru za ta yi a bar ka a waje. Ka je gidanta gobe, kada ka jira Alhamis. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri kafin ka ambaci fom, kuma ban da dogon bayani, na lura bakinka ba ya jin birki. Tunda a gaban kwamiti ka yi mata, a taro na gaba ka miƙe ka faɗa musu ita ce da gaskiya. Wannan zai fi maka ɗaci, amma shi ne gyaran.

Sannan ka roƙe ta ta zagaya cibiyoyin tare da kai kafin jarrabawa. Allah ya ba ka aikin, ya bar maka Gwaggonka.