Kwas Uku da Na Zaɓa wa Ɗanka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai, da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinka, ina sanar da kai mu duka lafiya muke a Ƙaura. An yi shuka, gero ya kama ƙasa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma shekara huɗu ke nan ban samu wanda zan karanta wa abu da ƙarfi ba, kuma wannan labarin naka ne kafin ya zama na kowa.

Ɗanka ya gama. Jami'a ta fitar da sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗan digirin injiniyan gine-gine da hanyoyi, kuma sunansa na ciki. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, domin abin da zai biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Saura kaɗan in jawo masa ƙarin shekara guda da bakina.

Ka tuna littafin ƙa'idojin sashensu mai koren bango, wanda ya bar mana da ya gama aji ɗaya? Kai ka roƙe shi. Ka ce tunda ba ka yi boko ba, ni da na gama sakandare in riƙa karanta maka, ka ji abin da ake koya wa mutum har shekara biyar kafin a yarda ya taɓa siminti. Kakan dawo daga wurin gini da farin siminti a gira, ka zauna bakin rijiya bayan la'asar, ni kuma in fassara maka sunayen kwasa-kwasan gwargwadon iyawata. Lissafi kashi-kashi. Zanen gini. Awon fili. Ƙarfin kayan gini. Halin ruwa idan yana gudu a bututu. Da na zo kan wanda ake nazarin halin ƙasa, ka yi dariya har da buga cinya, ka ce, "Wanga kam na daɗe da cinye shi. Ni a tafin hannu nika gane ƙasar da za ta riƙe gini."

Amma da na karanta maka cewa akwai kwasan da ba a barin ɗalibi ya ɗauka sai ya ci na gabansu, sai ka daina dariya. Ka ce mutanen nan sun san aiki, ba a ɗora bulo kan tushen da bai bushe ba.

Bayan rasuwarka ban ajiye littafin ba. Na sayi littafin rubutu, na ja layi uku: sunan kwas, nauyinsa da suke kira yunit, da gurbin da zan sa alama idan ya ci. Duk ƙarshen zangon karatu sai in zauna in cike. Ka san halina. Abin da ban rubuta ba ji nake kamar bai faru ba, wanda na rubuta ma sai na duba sau biyu.

Ka kuma san yadda muke da yaron. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba. Inna, mahaifiyarka, ce ta yaye shi, ta riƙe shi a Zurmi har ya gama firamare, ya dawo mini yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Da kana raye, ta bakinka maganarmu ke bi. Da ka tafi sai ta koma ta bakin ƙanenka Sani, wanda har yanzu yake jan motarsa tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Idan yaron ya bugo waya, in amsa gaisuwa, in ce Allah ya yi albarka, in miƙa wa ƙannensa. Sakamakonsa ma wayar Sani yake turawa, ni in kwafa.

Haka muka tafi har aji biyar, ba a taɓa samun gurbin da ya zauna babu alama ba. Wata shidan da ake tura su koyon aiki ma ya yi su lafiya, a wani aikin gada.

A zangon ƙarshe, ban da kwasan dole da aikin bincikensa na kammalawa, ɗalibi zai zaɓi kwas uku da kansa. An kasa su rukuni uku: na gine-gine, na ruwa, da na hanyoyi. Da na ga rukunin gine-gine, Malam, kai na gani. Kankare mai rodi, ginin ƙarfe, dogayen benaye. Sai na ji kamar an ajiye maka su ne. Na rubuta sunayen ukun a takarda, na ba Sani, na ce ya gaya wa yaron su nake so ya ɗauka, sana'ar ubansa ce. Washegari Sani ya leƙo ya ce, "Na hwaɗa mai. Ya ce to."

Na ji daɗin wannan "to" ɗin har wata uku.

Sai aka yi suna a gidan 'yar'uwarka a Zurmi. Muka bi motar safe, lokacin da hanya ta fi mutane. Ana cikin rabon waina wata mata ta zauna kusa da ni tana ba maƙwabciyarta labarin ɗanta, wanda ke wata makarantar daban. Ta ce bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, amma da aka zo tantancewar ƙarshe aka ce kwasan zaɓinsa ba su bi ƙa'ida ba. Abokansa sun tafi bautar ƙasa, shi yana can yana maimaita shekara saboda kwas ɗaya, don sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Ta ce, "Yaro ya rame kamar an zare mai lakka, ke kya ce wani laihi ya yi." Wainar da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba.

Ina dawowa gida, ko mayafi ban cire ba na ɗauko koren littafin. A ƙasan jerin kwasan zaɓi akwai layi biyu da ƙananan haruffa. An ce ba a ƙirga wa ɗalibi fiye da biyu daga rukuni ɗaya, kuma dole ɗaya ya fito daga wani rukunin, in ba haka ba digiri bai cika ba. Shekara huɗu ina kwafar wannan littafin, amma sunaye da lambobi kawai nake ɗauka. Bayanin da ke ƙasa na ɗauka na malamai ne. Na juya baya na duba ranar rufe canza kwas. Ta wuce da wata biyu. Jarrabawar ƙarshe saura mako uku.

Na kwafi layukan biyu, na aika a kira Sani, na ce ya buga wa yaron ya karanta masa su kalma-kalma. Da yamma ya dawo yana taunar rake, ya ce, "Ya ce ki kwantar da hankalinki, komi lahiya lau." Na ce ka karanta masa takardar? Ya shafa aljihu, ya ce tana cikin rigar da ya ba wanki. "Haba matar Yaya, kwas ai kwas ne. Wanda ya ci uku an hana mai digiri don ba su fito gida daban-daban ba? Aure za a ɗaura musu?" Ka san Sani. Na rasa ko in yi dariya ko in jefe shi da muciya.

Abin da ya kamata shi ne in ɗauki waya in kira shi da kaina. Na sani. Sau biyu na nemo lambar, in tsaya ina kallonta. Na ce wa kaina kada in ɗaga masa hankali ana gab da jarrabawa, tunda ba abin da za a iya gyarawa. Amma gaskiya ita ce ban san yadda ake fara irin wannan maganar da shi ba. Shekara ashirin da uku ban yi masa magana mai tsawon da ta wuce gaisuwa ba, sai in fara da cewa na ɓata maka shekara? Na rubuta masa wasiƙa uku, na yaga su. A makonnin nan na ƙona tuwo har yara suka fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Ya dawo bayan jarrabawa. Kwana biyu ina aika masa abinci, ina kallon bayansa idan zai fita masallaci. Ban ga alamar damuwa a tafiyarsa ba, sai na ce ko bai ma san abin da ke jiransa ba.

Rana ta uku da hantsi na same shi tsugune a tsakar gida yana gyara rariyar nan da ka ce za ka sake, Allah bai nufa ba. Na ajiye littafin a buɗe kan turmi. Na juya fuskata wajen bango kamar da bangon nake, na ce wanda ya ɗauki uku daga rukuni ɗaya, yaya ake yi da shi?

Ya wanke hannu, ya shiga ɗaki, ya fito da takardar rajistarsa, ya durƙusa ya ajiye kusa da littafin. Na duba. Ukun da na zaɓa suna nan. A ƙasansu akwai na huɗu, daga rukunin ruwa, kan magudanai da hana ambaliya, da sa hannun malamin da ke kula da ajinsu. Ya ce tun ranar da Baffa Sani ya karanto masa sunayen ya san ba za su cika ƙa'ida ba. Sai ya je ya roƙi malamin ya bar shi ya ƙara ɗaya, tunda nauyin bai haura iyakar da aka yarda ba. Malamin ya ce masa, kowa na neman sauƙi a zangon ƙarshe, kai kana neman ƙari, lafiyarka?

Na manta da bango. Na juyo na ce to me ya hana ka aiko a gaya mini na yi kuskure, ka ajiye ɗaya?

Kansa na ƙasa ya ce, "Umma, tunda nike ba ki taɓa neman komi wurina ba sai wanga. Ban iya maido miki shi."

Malam, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki kai ma ka sani.

Makon jiya sakamako ya fito, ya ci duka huɗun. Amma na lura makinsa mafi ƙanƙanta a duk shekarar yana kan ɗaya daga cikin ukun da na ɗora masa, na dogayen benaye. Na yi ta lissafi ko wannan nauyin ya rage masa matakin digiri. Har na fara rubuta wa Sani takarda, sai na ajiye biro. Na jira ya dawo daga azahar, na tambaye shi da kaina.

Ya ce bai rage ba, inda yake tun aji huɗu nan ya tsaya. Sai ya ƙara da wata maganar da na ga ya daɗe yana riƙe da ita. Ya ce a cikin huɗun, na ruwan ne ya shiga ransa. Ya ce duk damina yana ganin yadda ruwa ke cin gefen hanyar Shinkafi, yana shiga gidajen mutane, kuma yanzu ya san dalili, ya san yadda ake auna girman kwalbatin da zai ɗauke shi. In ya gama bautar ƙasa, ta nan yake so ya bi, ba ta benaye ba. Yana faɗa yana satar kallona, yana jiran abin da zan ce.

Maganganu da yawa sun zo mini baki, kuma duk da sunanka suka zo. Na haɗiye su. Na ce Allah ya sa albarka, ya sa a amfana. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Shi ya sa na rubuto. Ɗanka ba zai gaji cokalin gininka yadda na tsara masa ba, kuma na amince a madadinmu duka biyu ba tare da na ji ta bakinka ba. Idan na yi daidai, alhamdu lillahi. Idan na sake kuskure, wannan karon aƙalla shi ya zaɓa, kuma a gabana ya faɗa.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da gida a Aljanna wanda ya fi duk waɗanda ka gina wa mutane. Allah ya tsare yaron nan a duk hanyar da za a tura shi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Ni kuma ya yafe mini nauyin da na ɗora masa, ya ɗauka bai ce uffan ba. Amin.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka,
daga Ƙauran Namoda.