Bindigar da Kake Duban Wata da Ita

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, a durƙushe. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, ba kuma mai karanta maka ita. Amma tun da muka kai ka makwancinka nake da magana a baki, kuma duk wanda na fara yi wa sai ya ce in yi haƙuri. Ni kuwa ba haƙurin ne ya ƙare mini ba, labari nake son ba ka.

Garo lafiya, gida lafiya. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke matsa mata in sanyi ya shigo. 'Yarka Hadiza ta sauka, namiji, an mayar masa da sunanka. Maƙera tana hannuna. Har yanzu in na miƙa wa mutum garma sai ya jujjuya ta ya ce ba kamar ta Malam ba. Ba na jin haushi, gaskiyarsu ce.

Maganar bindigar Kaka ce ta sa na zauna rubutu. Na ƙarasa gyaran da ka bari.

Ka sha ba mu labarinta. Mahaifinka ya dawo da ita daga yaƙin Bama na zamanin yaƙin duniya na biyu, bayan Baturen da yake yi wa dako ya sa an toshe mata baki da dalma ya ba shi don tunawa. Irin ta maharban soja ce, masu laɓewa su harbi mutum daga nesa, da madubin hange a gadon bayanta. Ta daɗe a yashe a bayan rumbu, gara ta cinye ƙota, tsatsa ta rufe ƙarfe. Kai kuma ka ɗauki rabin rayuwarka kana tashinta. Kekenka ya san hanyar Gude da Madadi da Gwarzo, ya san ƙofar gidan kowane tsohon soja. A nan ka roƙo noti, a can kunamar harbi, a wani gidan maɗaurin fata da ɓera ya fara ci. Ka sassaƙa mata sabuwar ƙota da icen maɗaci, kana shafa mata man kaɗanya da tafin hannu har ta yi sheƙi kamar tsohon akushi. Ban taɓa gaya maka ba, Baba, amma in na ga hannun nan naka mai kanta yana ɗaura ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, numfashina tsayawa yake.

Abu biyu ne ban gane ba a lokacin. Ka gyara komai nata, amma dalmar nan ba ka taɓa ta ba, alhali ba aikin da zai gagari maƙeri ba ne. Sannan duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen azumi kakan saɓa ta zuwa katangar masallacin Idi, ka ɗora, ka nemi jinjirin wata a madubinta. Mutane suna tsokanarka da sojan wata, kai kana dariya. Kowa kana bari ya leƙa, da sharaɗi ɗaya: bakinta sama, ba a sauke shi a kalli ƙasa. Me ya sa ban taɓa tambayarka dalili ba?

Ka rasu ka bar madubin a kwance cikin gwangwani, gilasansa sun yi hazo. Na goge su da auduga ɗaya bayan ɗaya yadda ka koya mini, na mayar da kowanne mazauninsa. Ina cikin haka ɓarayi suka kore shanu a wata ruga kusa da Madadi, har da na ƙanenka, Kawu Sale, wanda yanzu shi ne shugaban 'yan sintiri. Ya zo maƙera da mutanensa, aka gaisa har aka gaji, sannan ya ce in narke dalmar in buɗe mata baki, harsashi shi ya san inda zai samo. Ya ce bindigoginsu na toka ba sa kai wa ko'ina, ga kayan aiki a rataye ana duban wata da shi kamar wasan yara. Idonsa ja wur. Baba, ba ƙarya yake ba, an cuce shi. Na ce ya ba ni lokaci, kuma a raina na riga na amince.

Da la'asar na ɗauke ta zuwa katangar Idi don in ga ko madubin ya zauna daidai. A ranar na karya dokarka, na sauke bakinta ƙasa.

Can ƙarshen fadama akwai wani ɗigo a gindin tsamiya, da ido ba ka ce mutum ne ko kututture ba. Da na sa ido a madubi sai ga Malam Buba makiyayi, wanda yake kawo maka sanda ka sa mata ƙarfe. Ga shi nan a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Ya tanƙwashe ƙafa yana cire ƙaya da allura. Na ga furfurar gemunsa, na ga facin da ke kafaɗar rigarsa, na ga leɓensa yana motsi, ko tasbihi yake ko waƙar shanu. Siraran layukan nan biyu na cikin madubi sun gitta a kan ƙirjinsa, suna hawa da sauka tare da numfashina. Shi kuwa bai san da ni a duniya ba.

Ban taɓa ganin abin al'ajabi irin wannan ba, ban kuma taɓa jin tsoro irinsa ba. Ashe ɗan Adam ya ƙera abin da zai ga bawan Allah haka, a sake, ba riga ba kariya? Irin wannan gani ai na Ubangiji ne shi kaɗai. Sai na tuna Kawu da zuciyarsa mai tafasa, da magariba ta rufa, ya hango malafa da sanda daga nesa. Wa zai tsaya ya ga allurar? Abin da Kaka ya gani ke nan a can? Ya gaya maka ne, ko kai ma ka taɓa sauke bakinta sau ɗaya?

Na koma na hura wuta na narka dalma, amma ba tata ba. Sabuwa na ƙara mata har ta cika fal. Na kai wa dagaci ya gani da idonsa, don kowa ya san ta mutu. Na ƙera wa garken Kawu ƙyauren ƙarfe da sarƙa, ya karɓa, amma tun daga nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ban sani ba ko na yi daidai. In ɓarayin suka dawo, na san sunan wanda za a kira.

Ranar duban watan azumi na ɗora ta a katanga a gurbin da ƙotarta ta riga ta goge. Jama'a sun taru kamar kullum. Na daɗe ina lalube, sai ga shi, siriri kamar yankan farce, yana rawa a cikin jan sararin yamma. Na waiwaya na ga Kawu a bayan mutane, na matsa na ba shi wuri. Ya zo ya sunkuya ya sa ido a madubi. Ya daɗe a haka, Baba, har mutane suka fara tari. Da ya ɗago ya yi kabbara a hankali, ya goge ido da hannun riga, ya gyara mata zama ya ƙara ɗaga bakinta sama, yadda kake yi. Sannan ya tafi.

Sai mun zo, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Ɗanka Habu,
daga maƙerarka ta Garo