Zanin Zumunta a Akwatin Ladi

Lahadi da dare, Unguwar Boro

Yau na buɗe akwatin yayata Ladi, karo na farko tun ɓatanta wata bakwai da suka wuce. Katin asibitin Mama nake nema. Sai ga zaninta na zumuntar matan coci a can ƙasa, a ninke, yana ƙamshin kafur.

Duk neman da muka yi, a kan maganar mutum ɗaya muka ɗora shi. Wani mai burodi a Gonin Gora ya ce ya ga doguwar mace da zanin zumunta ta shiga motar Abuja. Shi ke nan kowa ya hau kai ya zauna. Baba ya ce masu garkuwa ne suka tare motar. Matan layinmu suka ce namiji ta bi. Ni kaina sau huɗu ina zuwa Abuja da hotonta.

To, zanin nan guda ɗaya gare ta. Kuma mata nawa ke ɗaura irinsa a garin nan?

Na kai wa Mama zanin. Ta rungume shi, ta ce, "Rifkatu, da safen ranar da ta ɓata ce mini ta yi za ta Mahuta wurin tela. Na faɗa muku, ba wanda ya saurare ni."

Gaskiya ne, ta faɗa. Ni ce ma na ce mata ruɗewa ta yi.

Mahuta nan kusa, amma wata bakwai ban nuna wa kowa hotonta a can ba. Ladi, ki yafe mini.