Ɗigon Jan Farce a Haƙorin Inji

Litinin, 4 ga Agusta
Hutu. Inna ta ce ni zan riƙa kai wa Baba abinci gareji. Maza biyar, kowa da bakinsa. Ƙasa na gaisar, na ajiye kwano.
An kawo wata motar tsere. Mai ita, Guguwa ake ce masa, yana da gasa ran Asabar. Wai in ta ba shi kunya, kowa sai ya ji sunan garejin da ya gyara ta.

Talata, 5 ga Agusta
Baba ya karɓe jan farcena! Wai saita tayimin ɗin motar zai yi, wato lokacin da inji ke numfashi. Akwai wata sanda, kamshaf, ita ke buɗe wa inji numfashi, da faifai mai haƙora a kanta. Ya ɗiga ja a haƙori ɗaya, ya ce nan bel ɗin da ke juya faifan zai koma, in aka kuskure ko ɗaya mota ta zama jaki.
Da suka fita na je ɗaukar abuna. Jan farcen ya ɗiga a haƙorin kusa. Na yi sauri na goge da gefen mayafi. Ba wanda ya gani.

Laraba, 6 ga Agusta
Sun tayar da motar. Tari, atishawa, sai salansa ta yi tus! Kawu, ƙanen Baba, ya tsinci kansa cikin durom.
Na leƙa. Ɗigon da ke wurin ƙato ne. Na Baba ɗan mitsitsi ne.
Nasa na goge.

Alhamis, 7 ga Agusta
Sun canja filogi. Sun zargi mai, sun zargi batir, Kawu ya zargi maƙiya. Guguwa ya ce gobe zai ɗauke motarsa ya kai wa masu ido. Baba bai taɓa abincin ba.
Sau uku na buɗe baki, iska ce ta fito.

Juma'a, 8 ga Agusta
Na faɗa. Taya nake kallo na ce, "Baba, wannan ɗigon nawa ne."
Kawu ya ce, "Au! Ashe tana magana?"
Baba ya tambayi inda nasa yake, na nuna haƙorin hagu. Ya ce in riƙe tocila, kada in yi motsi. Ya gyara zaman bel, ya juya injin da hannu sau biyu, ya duba, ya sake dubawa. Da motar ta tashi, har haƙorana sai da suka kaɗa.
Bai yi faɗa ba. Ya dai cinye har da rabon Kawu.

Lahadi, 10 ga Agusta
Guguwa ya zo na uku, yana ta cika baki kamar shi ya ƙera ta.
Baƙi sun zo wajen Inna. Wata tsohuwar mota ta wuce tana tari, sai na ji wata ta ce da ƙarfi, "Wannan tayimin ɗinta ya goce."
Duk suka juyo suna kallona. Ni ma na juya, bango ne a bayana.