Na Ji Muryar Innata a Layin da Na Rantse Ba Mai Ji

Assalamu alaikum mai kula da shafi, da dukkan masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe, don duk abin da za ku faɗa mini na riga ku faɗa wa kaina.

Ni mace ce, 'yar wani ƙauye a yankin Kanan-Bakashe. Na yi karatun odinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, yanzu ina aiki a Tasawa da wata ƙaramar ƙungiya mai kula da lafiyar mata. Mun buɗe layin waya wanda mace za ta kira kyauta ta faɗi abin da ke damunta, ba ta faɗin suna, lambarta ma a ɓoye take. Na'ura ce ke ɗaukar muryar, ta tura wa wani kamfani na waje ta hanyar da muke kira API, su mayar da maganar rubutu, rubutun ya faɗo gaban sashfam ɗinmu, wato ungozomar likita, ta karanta ta aika amsa. Muryar kanta ba a so ta shiga kunnen kowa, bayan ɗan lokaci ma gogewa take. Ni aka ba aikin haɗa layin da kamfanin, ni kuma aka ba amanar tsare shi. Na yi abin da ya kamata: mabuɗin sirrin da kamfanin ya ba mu na ɓoye shi a sabarmu, wato babbar na'urar da ke ajiye bayananmu, inda ba mai gani, na kulle muryoyin, na hana kamfanin ajiye su a wajensa. Abu guda ya rage, wato mabuɗin gwaji da nake buɗe muryoyin da shi lokacin da muke gwada aikin. Ka'ida ita ce a kashe shi ran da aka buɗe wa jama'a layin.

Ban kashe ba. Dalilina a lokacin, na'urar ba ta gane Hausarmu sosai. Mace za ta ce tana jin jiri, rubutu ya fito wai tana jin jirgi. Na ce a raina in na bar mabuɗin, duk inda rubutu ya rikice sai in saurara in gyara, ai taimako ne. Shugaban aikinmu, dattijo ne mai saurin yarda da mutane, ya tsaya bakin biro, wato ofishinmu, ya tambaye ni, "Ɗiyata, kin kashe mabuɗin gwajin nan?" Na ce, "Na kashe, shef." Ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka." Ko dubawa bai yi ba.

Abin da ya fi wannan muni, da muka fita wayar da kai, har ƙauyenmu muka je. Mata suka taru a ƙofar gidan mai gari, ni na yi musu bayani tunda 'yar gida ce. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "To ke ɗiyar nan, in na hwaɗi sirrina, ba kya ji?" Na ce, "Wallahi Gwaggo, ko ni da na haɗa shi ba ni iya ji." Wallahi na ce, jama'a, alhali mabuɗin yana cikin odinatar ɗin da ke rataye a kafaɗata. Innata tana zaune can baya, kanta a sunkuye. Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, ba ta kallona a gaban mutane, amma na san tana saurare.

Bayan girbi, wata safiya ina biro, wani saƙo ya fito rubutunsa duk a harɗe. Na sa abin ji a kunne kamar yadda na saba. Tun daga gyaran muryar da aka yi kafin sallama na gane Inna ce. Wa zai kasa gane muryar da ta yi masa raino? Har ƙarar ƙyauren ɗakinta na ji a baya. Ta ce, "Likita, wani ƙululu ne ya hito man ga nono na hagu. Da hwari kamar ɗan magarya yake, yanzu ya kai goro, kuma ya hwara ruwa. Ban gaya ma kowa ba. Maigida ya tsuhwa, ba ni son tada mai hankali. Ɗiyata ta hwari tana aiki birni, ba ni so ta sani. Ita ta ce muna nan ba mai ji, shi ya sa na kira."

Ban san lokacin da na fita bayan biro ba. Na durƙusa gindin bango ina kuka ba sauti, mai gadi yana tambayata ko rasuwa aka yi, na ce masa ciwon kai ne.

Sashfam ta aika amsa mai kyau, ta ce ta tafi babban gidan likita na Mayahi ba tare da jinkiri ba, kada ta bari a tsaga wurin ko a shafa masa wani abu. Na ga alamar an saurari amsar har ƙarshe. Daga nan shiru, ba ta sake kira ba. Ran kasuwarmu na hau mota zuwa ƙauye, na ƙarasa da babur ɗin kabu-kabu. Na tarar da ita tana daka da hannun dama kaɗai, ta lulluɓe kafaɗar hagu da mayafi cikin wannan zafin. Da ban sani ba, da ba zan lura ba. Na zauna kusa da turmin na ce, "Inna, kin rame. Mu tafi Mayahi a duba ki, ko jini ne a auna." Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ku ce ma wagga lahiyata lau, sussuka ce ta gajiyar da ni." Na ce, "Inna, don Allah." Ta ce, "Tuwonki na hucewa." Maganar ke nan. Ta yaya zan ce mata na sani? In ce mata mene? Inna, na ji ki kina faɗin abin da ko mijinki ba ki faɗa wa ba?

Tun daga ranar na zama wata iri. Da, saƙon da ya rikice kawai nake buɗewa. Yanzu duk wanda ya shigo sai na saurara, ko ita ce ta sake kira. Cikin neman muryarta na ji na wasu, kuma na gane wasu daga ciki. Na san wadda cikinta ya zube ta ɓoye wa dangin miji. Na san wadda take fama da yoyon fitsari tana zuwa biki da murmushi. Da na koma gida wata daga cikinsu ta rungume ni a bakin rijiya tana cewa Allah ya saka mini da alheri, layin nan ya rufa mata asiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum in na idar da salla nakan ce yau zan kashe mabuɗin, in na zauna gaban odinatar sai hannuna ya ƙi. In na kashe, ta ina zan san ko ciwon ya ƙaru? In kuma ban kashe ba, ni wace ce in ba mai laɓe a bayan ɗakin iyayenta mata ba?

Yanzu kuma shef ya sanar da mu masu tallafa wa aikin za su turo wani gwani ya binciki tsaron layin kafin a kai shi garuruwan Cake da Gidan Amumune. Duk buɗewar da aka yi da mabuɗin nan na'ura tana riƙe da sawunta, zai gani. Na iya goge sawun, ba zan ɓoye muku ba, har na buɗe wurin na tsaya ina kallo. Amma wannan ƙarya ce a kan ƙarya, kuma mai aikin da ya san hannunsa zai iya gane an taɓa. In na je na faɗa wa shef da bakina, korata ba ita ce damuwata ba. Tsorona kada a rufe layin gaba ɗaya, ko maganar ta fita ta kai ƙauye, matan da suka samu inda za su yi magana su koma haɗiye ciwonsu saboda ni. In na faɗa wa sashfam cewa mai ƙululun nan uwata ce, dole ta tambaye ni yadda aka yi na sani. In na tunkari Inna kai tsaye, na san halinta, kunya za ta iya sa ta ƙi zuwa likitan har abada, kuma ba za ta sake yarda da maganata ba. In na bi ta wajen ƙanwarta, na ƙara tona asirin da ta roƙa a rufe. In na yi shiru, abin nan yana girma a jikinta, kuma ni na san abin da irin wannan ƙululun kan zama in an bar shi.

Na daina cin abinci sosai, abokan aikina suna tsammanin soyayya ce ke damuna, suna tsokanata ina yaƙe. Jiya na kira gida, ƙanwata ta ce Inna ta daina zuwa rijiya, wai kafaɗarta ke ciwo.

Na san na ci amana, ba sai an tuna mini ba. Abin da nake roƙo shi ne hanya. Iyaye mata da ke wannan shafi, in ɗiyarku ta fari ce ta ji irin wannan, ta yaya za ku so ta zo muku da maganar? Ma'aikatan lafiya, akwai dabarar da zan kai ta Mayahi ba tare da ta gane ba? Masu aiki irin nawa, in faɗa kafin gwanin ya zo, ko in jira ya gano? Lokaci yana tafiya, uwata ba ta da lafiya, ni kuma ko nuna na sani ba na iyawa. Don Allah, me zan yi?