'Yan Kunnen Inna

Tsanyawa,
9 ga Mayu, 1985.

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, Ya sa albarka a ɗinkin da kake yi a Jidda. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Kawu Sama'ilu ta yi sauƙi har yana lallaɓawa masallaci. Ruwa dai ya sauka sau ɗaya, an yi shuka, yanzu kowa idonsa na sama.

Ga hoton Inna da ka nema, sanye da 'yan kunnen gwal ɗin da ka aiko mata. Ka dube shi da kyau kafin ka ci gaba da karatu, don abin da zan faɗa maka an hana ni faɗa, amma ka san bakina. Yaya, 'yan kunnen nan babu su. Tun watan Janairu da rumbu ya ƙare Inna ta ba Kawu ya kai su Kano ya sayar. Su muka ci har yau, mu goma sha ɗaya, kuma a cikinsu aka sayi irin da ke ƙasa yanzu. Tsinken tsintsiya ta sa a hudar kunnenta don kada ta toshe. Ran da na karanta mata takardarka, na zo wajen da ka ce ta sa su a ɗauke ta hoto, wallahi sai ta tashi ta shige ɗaki. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Cewa take ɗanta ya tsiyayar da idonsa a kan keken ɗinki shekara biyu don ya ƙawata ta, ita kuma ta kai gumin nasa kasuwa, da wane ido za ta dube ka.

Muntaka ɗan Kawu ne ya fitar da mu, mai ɗaukar hoto ranar kasuwa, wanda kake tsokana da cewa ya guje wa fartanya. To ka janye maganarka! Da na kai masa kukana sai ya ciro wani ɗan gilashi kamar murfin kwalba, an zazzana masa layuka sirara kamar raga, ya ɗaura a bakin kyamararsa, ya ce in leƙa ta cikinta in dubi ruwan randa. Kai, Yaya! Ɗan hasken ranar da ke kan ruwa ya zama tauraro mai ƙafa huɗu, in ya murza gilashin ƙafafun su juya. Ya ce gilashin ba ruwansa da tsadar abu, ƙyalli kawai yake nema, ƙarami mai kaifi, bayansa kuma da duhu.

Murfin gwangwanin tumatir ya yanka da almakashi, ya bubbuga shi a gindin turmi har ya lanƙwasa, ni kuma na dirje shi da toka. Inna da fari ta ƙi, ta ce ita ba 'yar tsana ba ce da za a rataya mata gwangwani. Muntaka bai yi musu ba, ya rataya mini 'yan kunnen gwangwanin, ya miƙa mata kyamarar ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ɗauko mata baƙin mayafinta. Da hantsi ya zaunar da ita a ƙofar ɗaki, yana cewa ta ɗan karkato, ta ɗan ɗaga haɓa, har rana ta faɗa kan kunnuwan biyu daidai. Fim ɗaya ya rage masa, ga shi fim ya yi wuya, amma nan take ya ɗauka, sau ɗaya tak. Sai bayan kwana goma aka wanko hoton daga Kano. Ka ga dai abin da ya fito. Ni da na dirji gwangwanin da hannuna sai da na yi salati. Yaron nan gwani ne, kuma Allah Ya ba shi zuciya.

Abin da nake roƙonka ke nan, don Allah don Annabi. Kada ka nuna mata ka sani, kada kuma ka yi saurin aiko wasu, za ta gane na tona. Har yanzu ba ta saki jiki ba, ko motar wa ta ji ta tsaya a bakin hanya sai ta tambaya ko takardarka ce. Ka rubuto da wuri, da hannunka, ka ce ka ga hoto kuma sun yi mata kyau. Ba ƙarya za ka yi ba, Yaya, sake dubawa ka gani.

Kawu Sama'ilu yana gaishe ka, da Gwaggo Hure, da Muntaka. Ka gai da Malam Muhammadu Sani maƙwabcinka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Huseina.